Fitar 'yan fansho a jirgin kanal a Ingila: wane jirgi, wace hanya, kuma ina matsala take ɓuya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce sakatariyar wata ƙungiya ta dattawanmu da suka yi ritaya a Birmingham. Mu 18 ne, ƙaraminmu shekararsa 61, babbanmu ya haura 80. Mutum biyu suna dogara sanda, ɗaya kuma tana kan keken guragu. Muna so mu fita shan iska a jirgin ruwa na kanal idan zafi ya shigo. Wasu sun ce mu ɗauki hayar jirgi mu tuƙa da kanmu, tunda ba a neman lasisi. Ya kuke gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya. Shawarar fitar tana da kyau ƙwarai, domin da wuya a samu yawon da ya dace da jikin dattijo kamar na kanal: babu igiyar ruwa, babu jiri, babu gudu, mutum yana zaune gari da daji suna wucewa ta gabansa a hankali. Amma batun ku tuƙa da kanku, a wannan fita ta farko ba mu goyi baya ba. Ku nemi jirgi mai matuƙi da ma'aikatansa, wanda yake da na'urar ɗaga keke, ku bi hanyar da babu lok (ɗakin ruwa mai ƙofofi da ke ɗaga jirgi ko ya sauke shi inda ƙasa ta yi tudu) ko kuma lok ɗaya tak, zaman cikin jirgi kuma kada ya wuce awa uku zuwa huɗu. Ga dalilai.

Abu na farko da zai tsara komai shi ne adadinku. A dokar Birtaniya, duk jirgin da zai ɗauki fasinja fiye da 12 ya shiga sahun jiragen fasinja, sai hukumar Maritime and Coastguard Agency ta duba shi ta ba shi takarda, matuƙinsa kuma sai mai lasisi. Shi ya sa ƙananan jiragen da ake bayarwa haya na wuni ɗaya ba sa wuce mutum 12, da yawansu ma 8 ko 10 ne, kuma kamfani ba zai ɗaga ƙafa ko da mutum ɗaya ba, saboda inshorarsa ta lalace kenan. Ku 18 ne, kuma dole ku tafi da matasa uku ko huɗu masu ƙarfi a jika da za su taimaka wajen hawa da sauka. Su ma fasinja ne a lissafi. Kun zama 21 ko 22. To ko dai jirage biyu, kowanne mutum 11, ko babban jirgin yawon buɗe ido guda ɗaya da za ku ɗauka ku kaɗai. Mun fi son jirage biyu irin na ƙungiyoyin taimakon al'umma. An ƙera su ne domin tsofaffi da masu naƙasa, masu aikin sa-kai ne ke tuƙa su, kuɗinsu ya fi sauƙi, kuma ba sa gaggawar kowa. Akwai uwar ƙungiyarsu mai suna National Community Boats Association, ita ke horar da matuƙansu, ta wurinta za ki gano waɗanda ke kusa da ku. In kuna son maza gefe mata gefe, jirage biyun sun warware wannan ma ba tare da wata magana ba.

Waɗanda suka ce ba a neman lasisi gaskiya suka faɗa. Kamfani zai nuna wa mutum yadda ake tuƙi na ɗan lokaci, ya miƙa masa makulli. Sai dai jirgin kanal ba mota ba ce, kuma wanda ya shekara arba'in yana tuƙin mota shi ya fi saurin rikicewa. Da sanda ake tuƙa shi daga can baya, a tsaye. Ka tura sandar hagu, goshin jirgi ya yi dama. Ba ya juyawa nan take, sai bayan daƙiƙu, don haka sabon hannu yakan ƙara turawa, jirgin ya wuce inda ake so, ya maido da ƙarfi, a yi ta tangaɗi daga wannan gaɓa zuwa waccan. A tsakiyarsa yake juyawa, wato in goshi ya yi dama, baya zai fita hagu ya daki bango. Birki babu, sai a sa ribas a jira, kuma a ribas ba ya bin sanda. In aka mayar da giya firi, nan ma tuƙi ya mutu, domin ruwan da farfela ke turawa kan allon da ke ƙarƙashin sandar shi ne ke juya jirgin. Ga nauyi: jirgin ƙarfe mai tsawon ƙafa 57 yakan kai tan 15 ko fiye. Idan jirage biyu suka haɗu kowa dama yake riƙewa, kamar titin Najeriya da Nijar, saɓanin titin Ingila. Duk wannan ana koyonsa cikin wuni ɗaya, ba wani abin tsoro ba ne. Amma ranar koyo ba ita ce ranar da za a ɗauko mai shekara 80 da mai keke ba. Kowane karo da bango, ko ƙarami ne, wanda ke tsaye a cikin jirgi faɗuwa zai yi. Akwai kuma wani abu da ba a faye faɗa ba: kamfanoni da yawa na haya suna ƙin ba da jirgi ga tawagar maza zalla ko mata zalla, ko su ƙara musu kuɗin ajiya, saboda ɓarnar da matasa masu shagalin biki suka saba yi. Jirgi mai matuƙi ba shi da wannan sharaɗin.

Kanal ɗin nan ba kogi ba ne. Hanyar ruwa ce da aka haƙa da hannu, kamar kanal ɗin noman rani na Kadawa, sai dai wannan don dakon kaya aka yi shi. Na Bridgewater da aka buɗe a 1761 gawayin kwal yake kaiwa Manchester daga Worsley, na Birmingham kuma ya fara aiki a 1769, duka biyun da hannun injiniya James Brindley a ciki. Doki ne ke jan jirgi da igiya yana tafiya a turbar gefen ruwa. In kuka zo wucewa ƙarƙashin tsohuwar gada, ki nuna wa dattawa kusurwar bango ta wajen turbar: za su ga ƙarfe ko bulo da igiyoyi suka ci suka bar zane mai zurfi, har yatsa yana shiga. Yau Canal & River Trust ce ke kula da kimanin mil 2,000 na waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales, tun 2012 da ta karɓa daga British Waterways. Iyakar gudu mil 4 ne a awa, saurin mai tafiya a ƙafa da himma, a aikace kuma ba a cika wuce mil 3 ba, domin duk inda aka tarar da jirage a ɗaure sai an rage wuta sosai. In aka wuce su da gudu, ruwa yana jansu ya tumɓuke turakun da aka ɗaure su, alhali akwai mutanen da nan ne gidansu.

Yanzu wurin da muke so ki fi sa ido, Hajiya. Yawancin raunin da tsofaffi ke samu a wannan yawo ba a tsakiyar ruwa ake samunsa ba, a taku ɗaya ne tsakanin gaɓa da jirgi. Jirgi yana motsi ko da an ɗaure shi. Mutum ya ɗora ƙafa ɗaya a jirgi, ɗaya tana ƙasa, nauyinsa ya tura jirgin, tazarar ta buɗe. Matashi zai yi tsalle, dattijo kuwa sai ya tsaya a tsakiya. Don haka ba a hawa sai an ɗaure gaba da baya, igiyoyi sun yi tauri, an mayar da inji firi. Mutum ɗaya ake shigarwa a lokaci guda. Mataimaki ɗaya a gaɓa, ɗaya a cikin jirgi, kuma a damtse ko gwiwar hannu ake riƙewa, ba a yatsu ba, domin yatsu suna suɓucewa kuma suna gurɗewa. Mata su riƙe mata, maza su riƙe maza, ki tsara wannan tun a gida don kada wata ta ƙi miƙa hannu don kunya ta taka ita kaɗai. Jaka, sanda, filas, waya, duk a miƙa su daban, hannu biyu su zama babu komai. Wanda ya ce shi ba ya bukatar taimako, a lallaɓa shi da girmamawa a ce doka ce ta jirgi, kowa haka aka yi masa.

Daga nan sai matakalar shiga ɗaki. A jirgin kanal na yau da kullum taku uku ne ko huɗu, masu tsayi, ƙofar kuma gajera ce. Da baya ake sauka, fuska na kallon matakala kamar mai saukowa daga tsani, a sunkuyar da kai. Faɗin jirgin gaba ɗaya ƙafa 6 ne da inci 10, wato mita 2 da 'yan kai, don haka keken guragu ba zai shiga irin wannan ƙofa ba. Kada wani ya ce ai samari za su ɗaga ta da keken. Ba a yin haka a bakin ruwa. Jirgin da kuke nema yana da faranti mai aiki da inji wanda ke sauke mutum da kekensa zuwa daɓen ɗaki. Ki auna faɗin keken da tsawonsa da tef, ki san nauyinta tare da keken, ki faɗa musu tun a waya, domin farantin yana da iyakar girma da iyakar nauyi, keke mai batir kuma ya ninka na turawa nauyi. Ki tambaya keke nawa suke ɗauka a tafiya guda, kuma ko keken yana shiga bayan gida ƙofa ta rufu. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ake mantawa, ita ce kuma ke ɓata wa mutum wuni.

Sutura ma tana cikin maganar. Babbar riga, dogon hijabi da mayafi mai ja a ƙasa suna kama ƙugiyoyin igiya, hannun ƙofa da sandar tuƙi, kuma suna rufe wa mutum ganin inda zai taka. A sa kaftani ko doguwar riga da ba ta wuce idon sawu ba, a tattare mayafi kafin a taka. Silifas da takalmi mai santsin ƙasa a bar su a gida, a sa sau-ciki mai ƙasan roba, domin ƙarfen da aka yi wa fenti in ya jiƙe kamar sabulu yake. Kan ruwa ya fi cikin gari sanyi, ɗakin ƙarfe kuma in rana ta buɗe yana ɗaukar zafi, don haka riga kan riga ta fi jibgegiyar rigar sanyi guda ɗaya.

Sai lok, wanda shi ne abin kallon da kowa ke so, shi ne kuma wurin da haɗari ya fi muni. Ruwan kanal a kwance yake, ba ya gangara, don haka inda ƙasa ta yi tudu sai a gina wani ɗaki na bulo tsakanin ruwan sama da na ƙasa, da ƙofofin katako gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe, a cika ɗakin ya ɗaga shi, ko a zubar ya sauke shi. Na yankin Birmingham faɗinsa ƙafa 7 ne, tsawonsa kimanin 72, kin ga tsakanin jirgi da bango inci ɗaya ne kowane gefe. Kowane wucewa yana cin kamar minti 15, yana kuma tura ruwa wajen lita 100,000 zuwa ƙasa. Ana buɗe ruwan ne da wani hannun ƙarfe mai lanƙwasa da ake sawa a bakin sandar haƙora a murɗa, marfin da ke ƙarƙashin ruwa ya ɗaga. Akwai ɗan harshen ƙarfe da ke faɗawa cikin haƙoran yana hana marfin komawa. In ba a sa shi ba, ko aka bar hannun ƙarfen a jiki aka saki, nauyin marfi zai juya shi da gudu, ya karya tsintsiyar hannu ko ya zubar da haƙori. Ƙofar kanta ba a tura ta da ƙarfi: in ruwan ciki da na waje ba su daidaita ba, ko mutum goma ba za su motsa ta ba, in sun daidaita kuwa mutum ɗaya ya jingina bayansa da dogon gungumen da ke jikin ƙofar sai ta tafi.

Wajen sauka, a ƙarƙashin ƙofar sama akwai wani dakali na dutse ko kankare da ruwa ya rufe. Ana zana farin layi a bakin lok, a rubuta CILL, don a nuna iyakarsa. In bayan jirgi bai wuce layin ba, ruwa yana janyewa sai bayan ya zauna a kan dakalin, goshi ya ci gaba da nutsewa, ruwa ya shigo ta ƙofar gaba. Goshi ma yana iya maƙalewa a jikin ƙofar ƙasa, baya ya nutse. Wajen hawa kuma, in aka buɗe marfin jikin ƙofa da wuri, ruwa yakan zubo kai tsaye cikin gaban jirgi, shi ya sa ake fara buɗe marfin da ke gefen lok, ba a jikin ƙofa ba, wanda ke shigo da ruwa ta ƙarƙashi. Maganin duka ɗaya ne: da an ga jirgi ya karkata, a rufe kowane marfi nan take, sannan a maido da ruwa kaɗan-kaɗan. Wannan ba tsoratarwa ba ce. A watan Agustan 1998, a wani lok kusa da Gargrave a kanal ɗin Leeds zuwa Liverpool, jirgi ya maƙale yana sauka ya nutse, mutum huɗu masu naƙasa da ke cikin ɗaki suka rasu. Wanda ba ya iya tashi da sauri ba shi da lokacin fita. Saboda haka in akwai lok a hanyarku, ma'aikatan jirgi ne kaɗai za su taɓa shi. Dattawa su zauna a kujerunsu inda ake ganinsu, hanyar fita a buɗe ba kaya a kanta, babu mai shiga bayan gida a wannan lokaci, babu mai fito da hannu ta taga ko dafa bango. Wanda ya sa hannu ko ƙafa don ya tare jirgi kada ya daki bango, ƙashinsa ne zai tafi, jirgin ba abin da zai same shi.

Ku a Birmingham Allah ya sauƙaƙa muku, kuna da hanya mai kyau wadda babu lok ko ɗaya. Daga matsayar jirage ta Gas Street Basin a tsakiyar gari a bi kanal ɗin Worcester da Birmingham a yi kudu. Za a shiga ɗan gajeren rami a Edgbaston, bai kai mita 100 ba, a fito cikin inuwar bishiyoyi har mutum ya manta a birni yake, a wuce Jami'ar Birmingham da doguwar hasumiyar agogonta, a wuce Selly Oak, a zo Bournville inda masana'antar cakulan ta Cadbury take, kimanin mil 4 daga farawa. Mahaɗar Kings Norton tana wajen mil 5 da rabi, kuma akwai filin juya jirgi a nan. Wannan magana ta juyawa muhimmiya ce: jirgin ya fi faɗin kanal tsawo, ba a juya shi sai a wuraren da aka faɗaɗa don haka ko a mahaɗa, don haka ba za a ce mun gaji a koma daga nan ba. Wani alherin hanyar shi ne layin dogo yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ita, da tashoshi a jami'a, Selly Oak da Bournville, wato in wani ya ji ba daɗi akwai inda za a sauke shi mota ta same shi. Kada ku zarce Kings Norton ta kudu. Ramin Wast Hill na nan gaba, kusan kilomita 2 da rabi, fiye da rabin awa cikin duhu da sanyi da ɗigar ruwa, babu turbar gefe, babu wurin tsayawa. Bayansa kuma akwai jerin lok 30 na Tardebigge. Haka in aka yi gabas daga tsakiyar gari, lok 13 na Farmer's Bridge ne ke jira. A bakin irin waɗannan wurare kallo daga kan benci ya wadatar.

Lissafin lokaci ba da mil kaɗai ake yinsa ba. Masu jirgi suna haɗa yawan mil da yawan lok su raba uku, abin da ya fito shi ne awoyi. Mil 5 da rabi ba lok, kusan awa biyu kenan zuwa, biyu dawowa. Ki ƙara rabin awa zuwa minti 45 na shigar da mutane, ki ƙara awa guda ta cin abinci, kin ga an doshi awa shida, kuma wannan ya yi wa mai shekara 80 yawa. Ki ce wa matuƙi kuna son awa ɗaya da rabi zuwa, ya zaɓi wurin juyawa mafi kusa da haka. Ko kuma a yi tafiya ɗaya zuwa Bournville, bas ta ɗauke ku daga can. A ganinmu gara a sauka ana cewa kai, har an gama, da a sauka ana riƙe ƙugu.

Lokacin da ya fi shi ne Mayu, Yuni ko farkon Satumba, ranar Talata zuwa Alhamis. Daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta yara na hutu, ruwa ya cika da 'yan koyo. Daga Nuwamba zuwa Maris ake rufe sassa don gyara, a shekarar da aka yi ƙarancin ruwan sama kuma akan taƙaita wucewa ta lok ko a rufe shi, don haka a duba sanarwar Canal & River Trust mako guda kafin ranar, a sake dubawa ana gobe. Yayyafi ba ya hana fita tunda akwai rufi da manyan tagogi. Iska mai ƙarfi ita ce matsala, tana tura dogon jirgi gefe kamar allo. In matuƙi ya ce a ɗaga saboda iska, kada a ja da shi, kuma ki tambaya tun farko ko kafin alƙalamin da kuka bayar zai koma kan wata ranar.

Bayan gida ɗaya ne a yawancin jirage, ga mutum 11, da yawansu kuma suna shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari. Kowa ya kewaya kafin a hau. Ba masai ba ne mai zuwa ƙasa, tanki ne a cikin jirgi, bututunsa siriri, kuma ba abin da ke toshe shi kamar tsumman goge jiki mai laima da audugar mata. In ya toshe a awar farko, tafiya ta ƙare. A kawo ƙaramar buta, amma a sani daɓen wurin ba shi da magudana, ruwan da ya zuba nan zai kwanta, wanda ya biyo baya ya zame. A ajiye tsumma, mataimaki ɗaya ya riƙa leƙawa yana gogewa. Alwala a yi ta daga gida. Ba a taɓa ruwan kanal, ko don wanke hannu: ɓeraye suna fitsari a ciki, yana ɗauke da wata cuta da ke shiga ta ƙaramin rauni ko ido ko baki, takan fara kamar mura da zazzaɓi da ciwon gaɓɓai bayan mako ɗaya zuwa huɗu, in aka yi sakaci ta taɓa hanta da ƙoda. Wanda ya riƙe jiƙaƙƙiyar igiya ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, wanda ya yi zazzaɓi bayan fitar kuma ya gaya wa likita ya je kanal.

Salla ba za ta ba ku wuya ba in aka tsara. A watan Yuni Azahar a Birmingham tana shiga ne jim kaɗan bayan ƙarfe 1, La'asar kuma sai bayan 5. In kun tashi 10:30 kuka sauka 2:30, kun samu Azahar a kan lokacinta a ƙasa, babban masallacin Birmingham da ke Highgate ma ba shi da nisa a mota. In a hanya za a yi, a tsaya a ɗaure jirgi inda akwai ciyawa mai faɗi, ba a kan turbar gefe ba, don ta mahaya keke da masu yawo da karnuka ce. Alƙibla tana kudu maso gabas, wajen digiri 118 daga arewa, kuma a waje ake duba ta, domin kamfas na waya yana rikicewa a cikin jirgin ƙarfe. Manyan jiragen yawon buɗe ido galibi suna sayar da giya, wuraren tsayawa na gefen kanal kuma mashaya ne, to in ku kaɗai kuka ɗauki jirgi sai ki ce a rufe kantar, za ku zo da abincinku.

Abinci ya zama wanda ake ci da hannu ɗaya ba ya zuba: masa, ƙosai, fanke, dambun nama, dafa-duka a ƙananan robobi kowa da tasa, dabino, 'ya'yan itace da aka riga aka yanka. Tuwo da miya a bari sai an koma gida. Shayi rabin kofi ake zubawa, a zaune ake miƙawa, saboda jirgi yakan goga bango ba sanarwa. Ruwan sha na gora lita ɗaya ga kowa, kada a dogara da na tankin jirgi. Masu ciwon suga a tsayar musu da lokacin cin abinci kamar yadda suka saba, a riƙe musu wani abu mai zaƙi a kusa. Kasko, gawayi da turaren wuta sam ba sa shiga jirgi: a rufaffen ɗakin ƙarfe gawayi yana fitar da iska mai guba marar wari wadda ke kashe mutum yana gyangyaɗi, shi ya sa tun 2019 aka wajabta na'urar gargaɗinta a irin waɗannan jirage. In za a ba agwagi abinci, a kawo masara ko alkamar kunu maimakon burodi. Masu raunin ji a zaunar da su gaba, nesa da ƙarar inji. Can ne ma ake jin tsit ɗin ruwa, ake fara hango zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya a bakin gaɓa, ba ya tashi sai goshin jirgi ya zo dab da shi.

In wani ya faɗa ruwa, Allah ya kiyaye, abu na farko a yi ihu matuƙi ya mayar da inji firi, domin farfela ta fi ruwan haɗari. Kada kowa ya bi shi. A jefa masa zoben ceto ko igiya, a ce masa ya miƙe tsaye, don a mafi yawan wurare zurfin bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, ko da yake ƙasan laka ce, cikin lok kuma ya fi ƙarfin tsayin mutum. Sanyin ruwan shi ke fara kama numfashi, yana iya taɓa zuciyar dattijo ko da a watan Yuli ne. Ba a jan mutum ta gefen jirgi da jiƙaƙƙun kaya, a ja shi a hankali zuwa gaɓa inda bango ya yi ƙasa, a cire masa jiƙaƙƙun, a lulluɓe shi, a kira lambar agajin gaggawa 999 ko da ya ce lafiyarsa lau. Duk wanda zai zauna a buɗaɗɗen wuri a gaba ko baya ya sa rigar ceto, ki tambaya tun da wuri ko suna da girman da zai shiga kowa.

In fitar ta yi daɗi kuka so wata, a Landan akwai tafiyar ƙasa da awa guda daga Little Venice zuwa Camden a kanal ɗin Regent's, babu lok, ana wucewa kusa da babban masallacin Regent's Park da gidan namun daji. A Wales akwai gadar ruwa ta Pontcysyllte da aka gama a 1805, inda jirgi ke ratsa kwarin kogin Dee a tsayin mita 38, gefe ɗaya babu shinge ko kaɗan. Kyanta ba a magana, amma mai jin jiri ya zauna ta wajen turba.

Mako biyu kafin ranar, ki je da kanki ki ga jirgin, ki taka daga inda bas za ta tsaya har bakin ruwa kina duba matakala da tsohon daɓen bulo mai tudu da kwari, domin a wurare da yawa wannan tazarar ta fi jirgin wahalar da mai keke. Ki rubuta takarda guda: sunan kowa, magungunan da yake sha, musamman masu tsinka jini, da lambar wanda za a kira. Kwafi ɗaya a hannunki, ɗaya a hannun mataimakin da ke ɗaya jirgin, matuƙi kuma a sanar da shi masu ciwon zuciya da masu suga kafin a kwance igiya. A kan hanya ki sa matashi ɗaya ya riƙa karanta lambar kowace gada da kuka wuce, tana nan a wani ɗan allo a saman bakin gadar. Kanal ba shi da lambar gida, don haka in aka kira motar asibiti, sunan kanal da lambar gadar ƙarshe da sunan titin da ya hau kanta su za a faɗa.